Cire Kan Batir: Tarihin Gwajin Da Ya Girmi Motocin Da Ake Yi Wa Shi

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota wajen gyara a gefen Titin Zariya, tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, ko a garejojin da ke kewayen Kasuwar Tarauni, bisa ƙorafin cewa ba ta tashi da safe, da wuya a ce bai ga wannan gwaji ba. Za a aro wani batir a tayar da motar, ko kuma a ba ta turi. Da zarar inji ya kama, sai mai wayarin ya ɗauko sufana ya kwance kan batir guda ɗaya, ya ɗaga shi sama. In injin ya ci gaba da aiki, an yanke hukunci ke nan: altaneta lafiyarta ƙalau, batir ne ya mutu, a je a sayo sabo. In kuwa ya mutu nan take, to an kama altaneta da laifi.

Gwajin ba ya cin minti guda, ba ya buƙatar na'ura, kuma mai mota yana ganin sakamakonsa da idonsa. Wannan ne ya sa ya daɗe. Sai dai an ƙirƙire shi ne don wata irin mota da kusan ta ƙare a titunan Kano. A kan motocin da muke hawa yau, amsar da yake bayarwa ba abin dogaro ba ce, kuma yana iya ƙona kayan da suka ninka batir tsada. Kafin mu fahimci yadda dabarar da ta yi daidai a jiya ta zama haɗari a yau, sai mun bi tarihin lantarkin mota, da kuma tarihin irin motocin da Kano ta riƙa karɓa zamani bayan zamani.

Tanki, burtsatse da bututu

A 1859 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ya ƙera batir na farko da za a iya sake yi wa caji, da faifan dalma da aka tsoma cikin ruwan asid. A 1881 Camille Faure ya inganta shi ta yadda za a iya ƙera shi da yawa a masana'anta. Batir ɗin da ke cikin motarka a yau jikan wancan ne kai tsaye: gida shida a jere, kowanne yana ba da bolt 2.1, jimilla bolt 12.6 idan ya cika. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura lantarki, amfiya kuma ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana.

Motocin farko da hannu ake tayar da su, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban inji a juya, wanda ya sha karya hannun direbobi. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, ƙirar Charles Kettering. Daga nan mota ta shiga buƙatar abubuwa uku da har yau ba su canja ba: ma'ajiyar lantarki, na'urar da ke samar da shi yayin da inji ke juyawa, da wayoyin da ke haɗa su.

Mafi sauƙin misali shi ne ruwan gida. Batir tankin da ke saman rufi ne, na'urar caji ita ce burtsatse, wayoyi kuma bututu. Idan aka buɗe famfo da safe babu ruwa, yana yiwuwa tankin ya fashe. Yana kuma yiwuwa injin burtsatsen ne bai turo ba, ko bututu ya toshe, ko wani famfo ya kwana a buɗe. Babu mai hankalin da zai fara da sayen sabon tanki. Amma a harkar mota haka ake yawan yi, domin batir shi ne wanda ake ganin gazawarsa da farko, ko da a wani wuri cutar take.

Zamanin dainamo

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayansa, kuma a shekarun da suka biyo baya manyan motoci suka fara jigilar buhuna daga ƙauyuka zuwa bakin tasha. Waɗannan motoci, da ƙananan motocin Ingila irin su Morris da Austin da Land Rover da suka yawaita kafin samun 'yancin kai a 1960, duk da dainamo suke caji. A kansu ne kakannin kanikawan Kano suka koyi sana'a.

Dainamo na da halaye uku da ya kamata a riƙe. Na farko, ƙarfinsa kaɗan ne. Shahararren dainamon Lucas C40, wanda ke cikin motocin Ingila da dama, amfiya 22 yake bayarwa, kuma idan inji na silo kusan ba ya cajin komai. Na biyu, shi ke tayar da kansa da ɗan maganaɗisun da ya saura a ƙarfensa, ba ya jiran batir. Na uku, abin da ke daidaita shi wani akwati ne mai ƙananan makunnai na ƙarfe da ke buɗewa da rufewa, wanda kanikawa suka sani da katawut. Da ƙaramin sukudireba ake saita shi.

A irin wannan mota, kayan lantarki ba su wuce fitilu da ham da kwayil da kik ba, wani lokaci da rediyo. Saboda haka idan aka cire kan batir inji na aiki, tambayar da ake yi mai ma'ana ce: shin dainamo kaɗai zai iya riƙe wutar filogi? In ya riƙe, yana aiki. In lantarki ya yi tsalle, iyakar hasarar da aka saba gani ita ce ƙwan fitila ya ƙone. A lokacin da mitar awon lantarki abu ne mai tsada wanda sai a manyan garejojin kamfanoni da na gwamnati ake ganinsa, wannan dabara ce ta mai basira.

Haka nan sauran dabarun da suka zo tare da ita. Akan goga waya tsakanin kawunan batir biyu a ga girman tartsatsi. Motocin Ingila da yawa har zuwa tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar tarawa suke haɗawa da jikin mota, akasin yadda ake yi yanzu, kuma dainamo ba ya damuwa ƙwarai in an juya: da ɗan tartsatsi guda ake sake saita masa alƙibla. Ƙari a kan haka, yawancin motocin lokacin suna da allurar amfiya a gaban direba, wadda ke karkata dama in ana caji, hagu in ana zuƙa. Direban wancan zamani yana karanta lafiyar cajinsa kullum, kamar yadda yake duba mai.

Altaneta da zamanin Fijo

A shekarun 1950 masana'antun Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai bolt 12. Volkswagen Beetle, wadda Hausawa ke kira Boswaja, sai a 1967 ta bi sahu. Babban sauyin kuwa ya zo ne a 1960, lokacin da Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kusan dukkan sababbin motoci sun koma kanta.

Altaneta ta fi dainamo ƙarfi da sauƙin nauyi, kuma tana caji ko inji na silo. Lantarkin da take samarwa mai kai-da-komo ne, don haka a cikinta akwai wasu ƙananan ƙofofi da ake kira dayod, galibi guda shida, waɗanda ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai. Dayod ba ya yafiya. In aka juya kawunan batir, a cikin ƙiftawar ido yake ƙonewa. Daga baya kuma tsohon katawut na ƙarfe ya koma ɗan ƙaramin guntu na lantarki da ke manne a cikin altanetar, ko da yake sunan bai canja a bakin masu gyara ba.

A wannan lokaci ne kuma allurar amfiya ta fara ɓacewa daga gaban direba, jar fitila mai hoton batir ta maye gurbinta. Hoton nan ya ɓatar da mutane da yawa. Fitilar ba lafiyar batir take aunawa ba. Tana kunnuwa ne idan abin da altaneta ke fitarwa ya gaza abin da ke cikin batir, wato saƙonta shi ne caji ya tsaya. A tsofaffin motoci da yawa ma tana da aiki na biyu: ta cikin ƙwanta ne ɗan lantarkin da ke tayar da altaneta ke bi. In ƙwan ya ƙone, altaneta mai lafiya tana iya ƙin fara caji, ko ta jira sai an taka totur sosai.

Altaneta ta iso Nijeriya da yawa ne a lokacin arzikin man fetur. A 1975 masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. A shekarar ce ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ga kuma bashin sayen mota. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Peugeot 504 motar hukuma. Ita ma Kano ta samu rabonta: a kan wannan Titin Zariya da ya ratsa Gyadi-Gyadi, can gaba wajen Na'ibawa, aka kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci ta NTM tare da haɗin gwiwar Fiat na Italiya. A Ibadan akwai masana'antar batir ɗin Exide.

Abin lura game da wannan zamani shi ne ƙarancin nau'o'in motoci. Yaron da ya shekara biyar a garejin maigidansa yana kwance Fijo 404 da 504 da Boswaja da 'yan motocin Japan ya san kusan duk abin da zai tsaya a ƙofarsa. Motocin suna da kafireta, ba su da kwamfuta. Cire kan batir ya riga ya zama haɗari ga dayod, amma sau da yawa akan tsira, kuma in an yi hasara ba ta wuce gyaran altaneta ba. Saboda haka gwajin ya ƙetare daga zamanin dainamo zuwa na altaneta ba tare da wani ya tuhume shi ba.

1986 da abin da ya biyo baya

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan buɗe kasuwar canji a watan Satumba na 1986 ta kai wajen naira huɗu, ta kuma ci gaba da hawa. Sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci. Masana'antun harhaɗa motoci suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antar batir ta Ibadan ma daga baya ta rufe.

Gurbin da suka bari motocin gwanjo ne suka cike shi. Sunayen da ake kiransu da su suna ɗauke da taswirar hanyarsu. Ana ce musu 'yan Beljiyam saboda unguwar Heyvaert ta birnin Burasels ta zama babbar matattarar dillalan tsofaffin motocin Turai, ana loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Ana ce musu 'yan Kwatano saboda a can ake sauke da yawa daga cikinsu, wasu su haura ta Gaya da Maraɗi su gangaro ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma yawan dogaro da gwanjo bai ragu ba. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo.

Ma'anar "tsohuwar mota" ta canja ke nan. Tsohuwar motar da ke ajiye a ƙofar gidan ma'aikaci a Gyadi-Gyadi ko Daurawa a yau Golf 3 ce, ko Toyota Camry ta farkon shekarun 2000, ko Honda Accord ta 2003 da ake wa laƙabi da EOD. Shekarunsu ashirin ko fiye, amma kowacce na da kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta, wadda aka fi sani da ƙwaƙwalwar mota. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin binciken kai na OBD-II, Turai ta bi da nata ga motocin fetur a 2001.

A kan irin wannan mota, gwajin cire kan batir ya gaza ta fuska biyu. Ta farko, yana yin shaidar zur. Inji 'yan amfiya kaɗan yake buƙata ya ci gaba da juyawa, alhali an ƙera altanetar ta ba da 80 ko 100 ko fiye. Altanetar da dayod ɗinta biyu suka mutu tana iya riƙe inji, ta ci jarrabawa, sannan ta kasa ɗaukar fitilu da na'urar sanyaya da daddare. Sabon batir ɗin da aka saya bisa wannan hukunci zai riƙa biyan giɓin daga jikinsa har ya ƙare cikin makonni.

Ta biyu, batir shi ne ke shanye duk wani tsallen lantarki a mota. In aka cire shi altaneta na tsakiyar caji, lantarkin da take turowa ya rasa inda zai zuba, kuma mai daidaitawar ba ya iya rage ta nan take. Ƙa'idar gwajin kayan mota ta duniya, ISO 16750-2, ta tanadi cewa a motar bolt 12 irin wannan tsalle na iya kaiwa kusan bolt 100, na ƙasa da rabin daƙiƙa. Sababbin altanetoci na da kariyar da ke rage shi, amma mai mota ba shi da hanyar sanin wace iri ce a motarsa, musamman in an taɓa sauya ta da ta gwanjo. Wani lokaci ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Bayan wata guda mota ta fara wasu halaye, kuma babu mai danganta su da sufanar da aka ɗaga.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen. Motocin Honda da yawa tun shekarun 1990 suna da tsarin da kwamfuta ke rage cajin altaneta da gangan zuwa bolt 12 da 'yan kai idan babu nauyin lantarki, don tsimin mai. Wanda ya ɗora mita a daidai lokacin zai iya yanke wa lafiyayyar altaneta hukunci. Da an kunna manyan fitilu sai awon ya haura sama da 14.

Abin da Kano ke yi wa batir

Ko da komai na motar lafiya yake, yanayin garin nan ba ya sassauta wa batir. Zafi ne babban makashinsa: yana ƙafar da ruwansa, yana hanzarta cin faifan dalmar. Masu ƙera batir na da ƙiyasin cewa duk ƙarin maki 8 zuwa 10 a kan maki 25 na ma'aunin Salshiyos yana rage rabin rayuwarsa. A watan Afrilu zafin Kano na kaiwa maki 40, kuma ƙarƙashin murfin inji ya fi haka nesa. Amma ba a cika ganin illar a bazara ba. Sai hunturu ya shigo, man inji ya yi kauri da asuba, ƙarfin batir ya ragu saboda sanyi, sannan motar ta ƙi tashi. Sanyin Disamba yana tona ɓarnar da zafin Afrilu ya yi ne.

Ƙurar hunturu kuma tana shiga altaneta ta ramukan shan iskarta, ta haɗu da man da ke yoyo daga tsohon inji, ta cinye kabon da ke isar da lantarki ga ɓangaren da ke juyawa. Zafi yana busar da fambel ya riƙa sulɓewa.

Sai salon tuƙi. Kik na zuƙar amfiya 100 zuwa 200 a duk tayarwa, kuma ana buƙatar tafiya mai ɗan tsawo kafin a mayar da abin da aka ɗiba. Ma'aikacin da ke tashi daga Tarauni ya sauke yara a makaranta, ya kashe mota, ya sake tayarwa, ya kutsa cunkoson gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Dangi da na'urar sanyaya a kunne, yawancin tafiyarsa a silo yake yinta, inda altaneta ba ta kai cikakken ƙarfinta. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, motoci da yawa kwanaki suke yi a ajiye. Batir da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a faifansa, ya rage masa ciki har abada.

Yadda ake bin sawun matsalar

Abin da ya sa gwajin cire kai ya zama dole a da, wato tsadar mita, ya kau. Ƙaramar mitar lantarki mai lambobi tana samuwa a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, kuma kuɗinta ɗan kaso ne na kuɗin batir. Da ita, binciken yana da tsari, kuma tsarin ne ke hana zalunci.

A fara da ido. Shin kawunan batir a ɗaure suke, ko an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don su kama? Akwai farin gari ko kore a kansu? Wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji tana nan da ƙarfinta? Fambel ya saki ko ya tsattsage? A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: dole jar fitilar batir ta kunnu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi.

Sai a auna batir inji a kashe, bayan motar ta huta 'yan sa'o'i. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 wajen kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 saura kwata. Ƙaramin awo yana nufin batir ya sauka, bai tabbatar da ya mutu ba. A yi masa cikakken caji a na'ura tukuna, domin ba a yi wa mayunwaci gwajin ƙarfi.

Bayan ya cika, a bar mitar a kansa a tayar da mota. In awon ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa, batir ya gaji. In ya tsaya sama da haka, a duba abin da ke zuwa bayan inji ya kama: tsakanin 13.8 da 14.5 shi ne lafiya a akasarin motoci. A kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyaya, a ɗan taka totur. In awon ya zauna sama da 13.5, caji na isa. In ya gangaro zuwa 12 da wani abu ya ci gaba da sauka, akwai matsala a ɓangaren caji. In kuwa ya haura 15, mai daidaitawa ya lalace, altaneta na dafa batir. Alamominsa su ne warin ruɓaɓɓen ƙwai, kumburin batir, da yawan ƙonewar ƙwayayen fitila.

Ko a nan bai kamata a kwance altaneta ba tukuna. A auna a bayanta, a kan babban kusoshin da waya ke fita, a kwatanta da awon kan batir. In bambancin ya wuce rabin bolt, burtsatse na turowa, bututu ne ya toshe: tsatsa, ko fiyus, ko wayar da aka taɓa yankewa aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif.

In batir lafiya, caji lafiya, amma mota na kwana ta wayi gari babu wuta, to akwai mai sha da daddare. A kashe komai, a cire kan batir mai alamar ɗebewa (inji a kashe babu haɗari), a sa mita a tsakani. Bayan kwamfutocin motar sun yi barci, abin da ake zuƙa bai kamata ya wuce kashi 5 cikin ɗari na amfiya ɗaya ba. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sauke awon. Waɗanda aka fi kamawa su ne rediyo da na'urar bin sawun mota da aka ƙara daga baya, fitilar but da ba ta mutuwa, da dayod ɗin altaneta da ya fara yoyo.

Gargaɗi biyu. In jar fitilar ta kunnu ana cikin tafiya kuma allurar zafi ta fara hawa, a tsaya nan take: a motoci da yawa fambel guda ne ke juya altaneta da famfon ruwan inji. Sannan batir mai murafu, in ruwansa ya ragu, tataccen ruwa kawai ake ƙara masa. Ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ƙarin asid na cinye faifai, ruwan burtsatse kuma na ɗauke da gishirin da ke lalata shi.

Abin da kuskuren ke ci

Hasara ta farko ta aljihu ce. Batir dai kayan waje ne ko wanda ake haɗawa da kayan waje, kuma dala da take wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda aka sa ya sayi batir alhali wayar ƙasa ce ta yi tsatsa ya biya kuɗi mai yawa, matsalarsa kuma na nan tana jiran sabon.

Hasara ta biyu ba a ganinta a gareji. Kowane batir da aka kashe kafin lokacinsa yana ɗauke da kilo da dama na dalma. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ne ke kwashe shi, galibi a zubar da asid ɗin a ƙasa, a fasa, a narke. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Arewacin Nijeriya ya san wannan guba ta wata hanya: a Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka yara aƙalla 400. Rage yawan baturan da ake zubarwa ba gaira ba dalili yana daga cikin abin da mai mota zai iya yi da hannunsa.

Kanikawan Gyadi-Gyadi da Tarauni su ne suka riƙe motocin da aka ƙera don titunan Jamus da Amurka suna tafiya shekaru ashirin bayan ƙasashensu sun sallame su, ba tare da littafin masana'anta ko horon kamfani ba. Iliminsu daga maigida zuwa yaro yake gangarowa, kuma irin wannan ilimi yana riƙe abin da ya taɓa aiki, ko bayan dalilinsa ya wuce. Da yawa daga cikin matasan masu wayarin sun riga sun koma mita da na'urar karanta kwamfutar mota. Abin da ya rage shi ne masu motoci su daina neman hukuncin minti ɗaya, su kuma yarda su biya ladan bincike ko da ba a sauya komai ba, domin muddin sai an sayar da kaya makaniki ke samun na cefane, batir ne zai ci gaba da ɗaukar laifi. Idan an buɗe murfin inji, kafin hannu ya kai ga sufana, tambayoyi uku sun isa, cikin ladabi: Malam, nawa mita ta nuna inji a kashe, nawa lokacin tayarwa, nawa kuma da fitilu a kunne?